Yadda Ake Kula da Busasshiyar Fata a Lokacin Hunturu, Mataki-Mataki

Tun da iska ta juya a ƙarshen Nuwamba, hazo ya fara rufe gari da safe, tambayoyin da ke zuwa mini kusan duk iri ɗaya ne. Wata ta ce tana shafa mai sau uku a rana, amma kafin azahar ƙafafunta sun yi furu-furu kamar ba ta taɓa shafa komai ba. Wani ya ce faso ya hana shi dire dunduniya a ƙasa. Wata uwa kuma ɗanta ne yake kwana yana susa har da jini. Kowa kuma da abin da yake rufe maganarsa da shi: wane mai zan saya?

Gaskiyar magana, yawancin masu wannan tambaya ba sabon mai suke buƙata ba, tsarin da suke bi ne yake buƙatar gyara. A watannin Disamba da Janairu danshin iska a Kaduna kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, don haka duk ruwan da ke saman fata iska na zuƙe shi cikin ɗan lokaci. Ruwa ne ke tausasa fata. Mai murfi ne kawai, kamar faifan da ake rufe randa da shi: in akwai ruwa a ciki zai tsare shi, in babu kuwa rufewar ba za ta kawo ko ɗigo ba. Duk matakan da ke biye a kan wannan suke tafiya, kuma jerinsu yana da muhimmanci.

1. Tanadin kaya

Abubuwa biyar sun isa gida guda: sabulu mai laushi marar ƙamshi mai ƙarfi, man kaɗanya, basilin, ƙaramar kwalbar gilisarin, da safa ta auduga. Mai fama da kaushi zai ƙara dutsen goge ƙafa da man da ke ɗauke da sinadarin yuriya, wanda ake samu a kemis. A jikin kwalinsa za a ga an rubuta Urea 10% ko 20% ko 25%. Na kashi 10 na jiki ne, na kashi 20 zuwa 25 na dunduniya ne kawai.

Ta fuskar kuɗi, kaɗanya da basilin su ne mafi araha, kuma su ne mafi aiki. Curin kaɗanya da robar basilin a haɗe ba sa kai kuɗin kwalba ɗaya ta irin mayukan waje da ake jerawa a manyan kantuna. Man yuriya ne mai ɗan tsada, amma da yake a ƙafa kawai ake sa shi, yana daɗewa. In gidan da yara, babbar roba ta fi sauƙi a kan sayen ƙanana kowane mako. Kuma a guji man da ake tura shi da famfo mai ruwa-ruwa: na damina ne da bazara, a hunturu ba ya minti talatin a jiki.

Wajen sayen kaɗanya sai an kula, domin ana yi masa haɗi. A Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Kawo ko wajen mata masu kawowa unguwa, kada a ji nauyin cewa, "Hajiya, ɗan lakato mini in gwada." A ɗora a bayan hannu a murza. Mai kyau yana narkewa da ɗumin jiki nan take, ba ya barin tsakuwa-tsakuwa, launinsa fari ne mai ratsin ruwan ɗorawa, ƙamshinsa kuma na gyaɗar kaɗanya ne da ɗan hayaƙi-hayaƙi. Wanda ya yi tsami ko ya fara wari ya tsufa, a bar shi komai arharsa. Wanda ya ƙi narkewa, ya tsaya a fata yana dunƙulewa, akwai abin da aka zuba masa.

A kula: kada a sayi man da aka ɗura a robar da babu suna, babu lambar NAFDAC, ana cewa "haɗi ne na musamman". Irin waɗannan sau da yawa akwai sinadaran bilicin a ciki.

2. Haɗa man da za a shafa

Kaɗanya zalla yana daskarewa a sanyi har ya gagari yatsa, shi ya sa mutane ke gajiya su ajiye shi. Ana tausasa shi sau ɗaya a huta.

A zuba cokali huɗu na kaɗanya a kwanon silba mai tsabta, busasshe. A ɗora kwanon a cikin tukunyar ruwan zafi da aka sauke daga wuta, a bar shi ya narke a hankali. Kada a ɗora kwanon kai tsaye a kan risho ko gas, zai ƙone ya yi ƙauri. In ya narke sai a zuba cokali ɗaya na man kwakwa ko alayyadi, a juya, a ajiye a wuri mai sanyi. Idan ya fara kama jikinsa a gefe-gefe, a sa cokali a buga shi sosai har ya yi laushi ya ƙara fari, sannan a juye a roba mai murfi.

A kula: kada ruwa ya shiga wannan haɗi, ko ɗigo. Ruwa na shiga zai fara fumfuna. Haka kuma kada a zuba turare a ciki. Na san da wuya a raba mu da ƙamshi, amma turare a kan fatar da ta tsattsage shi ne ke kawo raɗaɗi da ƙaiƙayi. Humra da turaren a bar su ga tufafi.

Gilisarin kuwa ba a shafa shi zalla. Yana danƙo, kuma a irin wannan bushewar iska ba ya amfani sai an sirka shi an kuma rufe shi da mai. Kashi ɗaya na gilisarin, kashi uku ko huɗu na ruwa mai tsabta. Mafi sauƙi shi ne a haɗa a tafin hannu lokacin da za a shafa. Wanda ya fi son ya haɗa a kwalba, ya haɗa na kwana uku ko huɗu kawai.

3. Wanka

A nan ne mafi yawan ɓarnar take faruwa. Mutum ya tashi da asuba, jaura na kaɗawa, ya tafasa ruwa ya shiga da shi yana turiri, ya ɗauki soson raga da sabulu mai kumfa ya dirje ko'ina har fata na ƙara. Daɗin na minti goma ne, ƙaiƙayin na wuni guda. Ruwan zafi da sabulu suna wanke maiƙon da fata ke yi wa kanta, wanda shi ne garkuwarta ta farko.

Ga yadda ya kamata. A sirka ruwa ya zama mai ɗumi, irin wanda za a tsoma gwiwar hannu a ciki ba tare da an janye ba. A rufe ƙofa da tagar banɗaki, don sanyin da ke shigowa ne yake sa mutum neman ruwan da ya fi zafi. Kada wankan ya wuce minti biyar zuwa goma. Sabulu kuma ba dole ya taɓa ko'ina kullum ba: hammata, matsematsi, al'aura, wuya da ƙafafu su ne wuraren da ke buƙatarsa kowace rana. Ƙwauri, cinya, baya da damtse, in ba aikin ƙura ko gumi aka yi ba, ruwa da tafin hannu sun wadatar a yawancin ranaku. Soson raga a rage shi zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, shi ma ba da ƙarfi ba.

Sau ɗaya a rana ya isa a wannan lokaci. Wanda aikinsa ke sa shi dawowa gida buɗu-buɗu, kamar mai tuƙa Keke ko mai shago a bakin titi, ya mai da wankan sabulunsa na yamma, da safe ya watsa ruwan ɗumi kawai. Wankan ibada kuwa ba ya buƙatar sabulu ko soso, ruwa ne ya game jiki, don haka kada a mai da shi wankan dirza na biyu.

A kula: sabulun salo yana da kyau a lokacinsa, amma da toka ake yin sa, yana da kaifi, a hunturu yana busar da fata ƙwarai. Wanda ba zai iya rabuwa da shi ba ya rage zuwa sau biyu a mako. Sabulun wanki da garin omo ba na jiki ba ne, ko da na wankan ya ƙare. Ruwan maganin nan da ake ɗigawa a bokiti ya yi fari shi ma a dakatar da shi, ba ya maganin ƙaiƙayin bushewa, ƙara shi yake yi.

Gargaɗi ga masu ɗumama ruwa da hitar da ake tsomawa a bokiti: a zare ta daga soket kafin a sa hannu a ji zafin ruwan, kuma kada a bar yaro kusa da ita.

4. Minti ukun farko bayan wanka

In mutum zai riƙe mataki ɗaya tak daga wannan rubutu, to wannan ne.

Da an gama wanka, kada a goge jiki da tawul har ya bushe ƙayau. A daddanna tawul ɗin kawai, a ɗauke ruwan da ke ɗiga, a bar fatar da ɗan laima. Kafin minti uku su wuce mai ya riga ya hau jiki. Wannan na nufin robar man tana banɗaki ko bakin ƙofarsa, ba a can kan madubi a ɗaki ba. Abin da mutane da yawa ke yi shi ne su fito, su ɗaura zane, su leƙa kicin, su shirya yara, su ɗaga waya, sai bayan rabin awa su zauna shafa mai. A lokacin iska ta riga ta kwashe ruwan, man sai ya zauna a sama yana ƙyalli, ƙura ta manne masa, ƙasansa kuma fata na nan a bushe.

Jerin shafawar: gilisarin da aka sirka da farko, in ana amfani da shi. Sannan kaɗanya, a narkar da shi tsakanin tafukan hannu biyu kafin a kai jiki. A fara da ƙwauri, domin nan ne ke fara tsagewa, sai gwiwoyi, cinya, hannuwa, ciki da baya. A shafa ana bin yadda gashi ya kwanta, daga sama zuwa ƙasa, ba a murza da ƙarfi ana juyawa ba, don kada ƙofofin gashi su yi ƙuraje. A ƙarshe a bi wuraren da suka fi wahala da basilin kaɗan: gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, idon sawu, gaɓoɓin yatsu.

Da dare kafin kwanciya a maimaita ba tare da wanka ba. A jiƙa tafin hannu, a shafa ruwan a ƙwauri da hannuwa, a bi da mai. Duk lokacin da za a ƙara mai da rana, haka za a yi: ruwa da farko, mai a bayansa.

A kula: kada a shafa mai a tafin ƙafa sannan a taka tayil ba takalmi. Tsofaffi da masu ciki musamman, zamewa a banɗaki ta fi bushewar fata haɗari nesa ba kusa ba.

5. Alwala, wanki da wanke-wanke

Hannu da ƙafa da fuska suna haɗuwa da ruwa sau biyar a rana ko fiye, kuma duk ruwan da aka bar wa iska ta busar, yana tafiya da danshin fata. Shi ya sa za ka ga mutum jikinsa lafiya, amma bayan hannunsa da idon sawunsa sun yi sawu-sawu. Maganin ƙaramar roba ce ta basilin ko kaɗanya a aljihu, a jaka, a aljihun tebur na ofis, ko a mota. Ana idar da alwala a tsane ruwan, a lakato kaɗan a murza a bayan hannu, damtse da dunduniya. A tsane tsakanin yatsun ƙafa sosai, kuma kada a cusa mai a nan, domin laima a tsakanin yatsu ita ke kawo cin ruwa.

Ana yawan tambaya ko mai yana hana alwala. Malamai sun bambanta tsakanin maiƙon da ya shige fata ya bar santsi kawai, da abin da aka lafta ya daskare ya zama shamaki tsakanin ruwa da fata. Da rana a riƙa shafawa siriri ana murzawa har ya shige. Laftawa ta dare ce, bayan isha'i, da asuba kuma a goge abin da ya rage kafin a ɗauki buta.

Matan da ke wanki da wanke-wanke, da masu wankin mota, da masu aikin siminti, safar hannu ta roba ba ƙawa ba ce. Omo da siminti suna cin fata ko da damina, balle yanzu. In babu safar, a haɗa wankin a yi shi lokaci ɗaya maimakon tsoma hannu sau goma a wuni, a ɗauraye hannu da ruwa mai tsabta, a shafa mai tun da laima.

6. Kaushi da faso

Wannan sai da haƙuri, domin kaushin da ya taru cikin watanni ba ya fita a dare ɗaya. Aikin na dare ne, a bi shi a jere.

A zuba ruwan ɗumi a baho, a tsoma ƙafa minti goma. Ba a buƙatar gishiri ko kanwa ko omo a ciki. A fito da ƙafa ɗaya, a goge gefen dunduniya da dutse a hankali, ana ɗauke abin da ya yi laushi kawai. Da an fara jin zafi-zafi ko wurin ya yi ja, an wuce gona da iri. A ɗauraye, a tsane, a shafa man yuriya a inda kaushin yake, a ba shi ɗan lokaci ya shige, sannan a lafta basilin a kai. Wanda ba shi da man yuriya ya sa kaɗanya, a bi da basilin. A sa safar auduga a kwana da ita.

Man da safar kowane dare ne. Dutsen kuwa sau biyu a mako ya isa, domin yawan gurza yana sa fata ta ƙara kauri don kare kanta. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ana ganin bambanci, amma kada a daina da an ga sauƙi. A ci gaba har iska ta sauya a ƙarshen Fabrairu.

Idan fason ya yi zurfi, yana zafi ko yana jini, tsarin ya canza. A ajiye dutse, a ajiye man yuriya, don zai yi raɗaɗi a buɗaɗɗen ciwo. A wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu kaɗan, a tsane, a cika tsagar da basilin, a haɗe bakinta a manna filasta. A canza kullum har ya rufe, sannan a koma tsarin farko.

Takalmi ma yana da hannu a ciki. Silifas yana barin dunduniya a fili ga ƙura da iska, kuma duk takun da aka yi naman dunduniya na bajewa gefe, busasshiyar fatar ta tsage. Takalmi mai rufe baya da safa, ko da na watannin nan uku ne kawai, yana rage aikin da rabi. Yawo ba takalmi a tsakar gida a kan siminti a bar shi.

Gargaɗi: kada a yanke kaushi da reza, a gida ne ko wajen masu yankan farce na bakin hanya. Ana yanka har nama ba a sani ba, kuma reza ko almakashin da ya bi ƙafafu da yawa na iya ɗaukar cutar hanta daga wani zuwa wani. Kada kuma a ɗiga gam mai kama ƙarfe a cikin faso.

Gargaɗi na musamman ga masu ciwon suga: wannan mataki ba naku ba ne sai da izinin likita. Kada ku jiƙa ƙafa a baho, kada ku gurza, kada ku ɗumama ta a bakin garwashi, domin ciwon na rage jin zafi a ƙafa, mutum zai ƙone ko ya ji rauni bai sani ba. Ku wanke, ku tsane, ku shafa mai ban da tsakanin yatsu, ku duba tafin ƙafa kowace rana da madubi ko ku sa wani ya duba muku. Tsaga ko ƙurji komai ƙanƙantarsa, asibiti za a kai shi ba tare da ɓata lokaci ba, ba kemis ba.

7. Leɓe, hanci da fuska

Lasar leɓe ke ƙara fasa shi, domin yawu na bushewa nan da nan ya tafi da danshin. A jiƙa leɓen da ruwa, a sa basilin, a maimaita bayan cin abinci, bayan alwala da lokacin kwanciya. Ɓawon da ya taso kada a ja shi da haƙori, zai faɗi da kansa in ya yi laushi. Man leɓe mai yaji-yaji ko sanyin minti a bar shi.

Hanci in ya bushe yana haɓo, musamman ga yara. Ruwan gishirin ɗigawa a hanci da ake sayarwa a kemis yana taimakawa, haka ma ɗan basilin a bakin ƙofar hancin, ba can ciki ba. Takunkumi ko rawani ko gefen mayafi a kan hanci lokacin da ake kan babur ko cikin Keke yana tare ƙura. In haɓon ya zo, a zauna, a sunkuyar da kai gaba, a matse wurin taushin hanci minti goma zuwa sha biyar ba sakewa. Kada a ɗaga kai sama, jinin maƙogwaro yake bi.

Fuska a wanke ta da sabulu sau ɗaya a rana, da dare. Mai yawan ƙurajen fuska ya nisanta man kwakwa daga fuskarsa, ya sa mai marar nauyi mai gilisarin a ciki. Maza bayan aski ko gyaran gemu, a bar sifirit, a sa kaɗanya kaɗan.

Disamba watan bukukuwa ne, amare da ƙawayensu na ta gyaran jiki. Dilka da halawa gurza fata suke yi, don haka kada a yi su a kan fatar da ta riga ta tsage ko take ƙaiƙayi. A fara da mako biyu na matakai na 3 da na 4, fatar ta dawo hayyacinta, sannan a je. Lemun tsami, kanwa da man goge baki ba su da wurin zama a fuska. Baƙin lalle na dayis kuma kada ya hau hannun da ke da tsaga, jan lalle ya fi aminci.

A kula: mai shafa man bilicin ita ce hunturu ya fi wahalarwa, domin fatarta ta riga ta yi siriri. Haka masu sayen ɗan bututun man ƙaiƙayi a kemis suna zubawa a cikin man shafawarsu ko na yara. A duba jikin kwalin: in an ga betamethasone ko clobetasol, magani ne mai ƙarfi da ake sawa na 'yan kwanaki bisa umarnin likita, ba man shafawa ba. Daɗewa a kansa na jawo nankarwa, ƙuraje da fatar da ke yagewa da ƙaramin abu. Wadda ta daɗe tana shafawa ta nemi likita ya nuna mata yadda za ta janye a hankali, don dainawa dare ɗaya na sa fatar ta yi bore.

8. Jarirai, yara da tsofaffi

Jariri ba ya buƙatar wankan sabulu safe da yamma a wannan sanyi, ko da kakarsa za ta yi faɗa. A lallaɓa ta da girmamawa: "Inna, ma'aikatan asibiti sun ce a rage saboda sanyi." Wanka sau biyu ko uku a mako ya isa, sauran ranaku a goge fuska, wuya, hammata da wurin kunzugu da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi. A yi wankan da hantsi in rana ta fito, a ɗaki a rufe, cikin minti biyar. A shafa masa basilin marar ƙamshi ko kaɗanya mai tsabta tun da laima. Hoda busarwa take yi, a ajiye ta. Man zafi mai minti ko kafur ba na jariri ba ne, ko a ƙirji ko a hanci.

A kula: kayan sanyin da aka ciro daga akwati suna warin ƙwallon kafur, a wanke su a shanya kafin su taɓa jariri. Wannan sinadari na iya fasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya jawo shawara mai tsanani.

Mai jego ita ma a sirka mata ruwa. Ruwan da ke ƙona fata ba ya ƙara mata lafiya.

Yara 'yan makaranta a shafa musu kafin a sa yunifom, a yanke musu farce don kada susa ta zama gyambo. Almajirin da ke zuwa gidanku karɓar abinci ko yin aike, ku dubi ƙafarsa. Yawancinsu a wannan lokaci dunduniyarsu a tsage take har tana jini, suna kuma taka ƙasa da ita haka. Ƙaramar robar basilin, safa biyu da takalmi ba za su gagare ku ba, kuma ku nuna masa ya wanke ƙafar kafin ya shafa.

Tsofaffi fatarsu ba ta yin maiƙo kamar da, ƙaiƙayin ƙwauri da baya na hana su barci. Wankan sabulu kwana ɗaya bayan ɗaya ya ishe su, kuma a samu wanda zai shafa musu a baya, inda hannunsu ba ya kai.

9. Tufafi da ɗaki

Suwaita da bargo masu gashi suna tsikarar busasshiyar fata. A sa rigar auduga a ciki, suwaita a sama. Kayan sanyin da aka sayo gwanjo a Kasuwar Barci a wanke su kafin a sa, kuma kowane wanki a ɗauraye shi sosai har kumfa ta fita. Jiƙaƙƙen tawul da aka rataya a ɗaki ko bahon ruwa a lungu na ɗan ƙara danshi da dare. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki a rage su. A sha ruwa ko da ba a jin ƙishi, amma kada a zaci shan ruwa kaɗai zai gyara fata ba tare da sauran matakan ba.

Gargaɗi: kada a kwana da kaskon garwashi a ɗaki a rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Kuma zane ko safar da ta sha basilin ko kaɗanya tana kama wuta da sauri, don haka a ja baya daga murhu da wutar jin ɗumi, a kuma riƙa wanke kayan barci akai-akai.

10. Lokacin da za a bar mai a nufi asibiti

In an bi waɗannan matakai mako biyu cur babu sauƙi, to wataƙila ba bushewar hunturu ba ce kaɗai. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, ya kama mutum biyu ko uku a gida, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsun hannu, wuyan hannu da ƙugu, alamar ƙazuwa ce. Kaɗanya ba ya kashe ta, magani ake ba duk mutanen gidan lokaci ɗaya, a wanke kayan sawa da na shimfiɗa da ruwan zafi. Tabo mai zagaye da ke faɗaɗa yana da baki-baki, ko wurin da gashi ya zube a kan yaro, makero ne, kuma man ƙaiƙayi mai ƙarfi ƙara baza shi yake yi. Fatar da ta yi kauri ta yi duhu a lanƙwasar gwiwa da wuya, tana tafiya tana dawowa, musamman ga yaro mai asma, tana buƙatar likita ya tsara mata magani.

A tafi a ranar, ba jira, idan wuri ya kumbura ya yi zafi, yana fitar da mugunya ko ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya. Haka idan ƙaiƙayi ya game jiki tare da idon da ya yi ruwan ɗorawa, kumburin ƙafa, yawan ƙishi da fitsari, ko rama ba dalili, domin hanta, ƙoda da suga duk suna nuna kansu a fata. Mai ciki da tafin hannunta da tafin ƙafarta ke ƙaiƙayi, musamman a watannin ƙarshe, ta faɗa a wajen awo ba tare da jiran ranar komawarta ba.

A fara da asibitin unguwa ko babban asibiti mafi kusa, kamar na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, na Gwamna Awan a Kakuri ko na Kawo. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A tafi da duk mayuka, sabulai da magungunan da ake amfani da su a cikin leda, har da haɗin da aka saya ba suna, kuma kada a shafa komai a wurin da ke ciwo a safiyar ranar, don likita ya ga fatar yadda take.